Shekara uku da barin nama, ƙarancin bitamin B12 ya kama ni

Jama'a, sakamakon gwajin jinina na baya-bayan nan ya fito jiya, kuma sai yanzu hankalina ya kwanta har zan iya ba ku labari.

A shekarar farko da na bar cin nama, na riƙa cika baki kan amfanin da na gani. Taurin bayan gida ya tafi, kolestarol ɗina ya sauka, awon hawan jini ya daidaita, nauyin nan da ke danne ni bayan cin abinci ya ɓace. Har yanzu ban janye ko ɗaya ba. Matsalar sinadarin ƙarfe ma na shawo kanta da wuri: ina jiƙa wake tun dare, ina matsa lemon tsami a kan ganye, na raba shayi da lokacin cin abinci. Sai na ɗauka na gama karatu.

Ashe da sauran rina a kaba. Wata biyar da suka wuce yatsun ƙafata suka fara minjirya, kamar na daɗe zaune a kansu. Na ce takalmi ne, na canza takalmi. Abin ya hau zuwa tafin hannu. Wata safiya ina saka maɓallin riga, yatsuna ba sa jin maɓallin sosai, na tsaya ina kallonsu kamar na wani. Harshena kuma ya yi sulɓi, yana zafi.

Abin da ya fi ba ni haushi, gwajin farko bai nuna ƙarancin jini ba. Likita ce ta warware mini: ganye da wake da nake narka suna cike da wani bitamin mai suna folet, shi kuma folet yana iya gyara ƙwayoyin jini ya rufe alamar, alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa a ɓoye. Sai da aka auna B12 ita kaɗai, wato bitamin ɗin da ake samu a nama, madara da ƙwai, aka ga ta yi ƙasa warwas. Hanta tana ajiye B12 da kan kai mutum shekaru, shi ya sa ba ka jin komai da fari. Ajiyar da na tara lokacin cin nama nake ta ci ban sani ba.

Laifina a fili yake. Na daina shan madara saboda kumburin ciki, ƙwai kuma sai na ga dama. Babba yana buƙatar maikirogiram 2.4 na B12 a rana (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram), ƙwai ɗaya kusan rabin maikirogiram ne. Ku lissafa da kanku. Ga kuma garin spirulina, wani irin gansakukar ruwa da ake sha don ƙarin gina jiki, da na yi ta zuba wa kuɗi wata da watanni, ina yaudarar kaina. Yawancin abin da ke cikinsa mai kama da B12 ne kawai, jikin mutum ba ya amfana da shi. Idan na tuna kuɗin nan, da na gwaje-gwajen da suka biyo baya, raina ɓaci yake, don ƙwayar B12 ta gaskiya ba ta kai rabin tsadarsa ba.

An fara mini da allurai, yanzu na koma ƙwaya. Na tsorata da na ga maikirogiram 1000 a jikin kwalba, na ce wannan ai ya wuce kima. Ashe hanji ba ya iya ɗaukar fiye da kusan maikirogiram 2 a lokaci guda ta hanyarsa ta asali, sauran kuwa kusan kashi 1 cikin 100 ne ke ratsawa.

Hannuna sun saki, harshe ya warke. Babban yatsan ƙafar hagu ne dai har yau yake sagewa da dare, likita ta ce jijiya ba ta gaggawar warkewa. Naman ban koma masa ba, ba ni da niyya. Amma wanda ya haura shekara da barin nama a cikinku bai taɓa auna B12 ba, don Allah ya je a auna, kuma ya ambaci sunanta da bakinsa, kada a tsaya a gwajin jini na gama-gari kamar yadda aka yi mini.