Masu yabo daban, masu saye daban

A watan Fabrairun 2019 wani matashi mai zane daga Kaduna, Eli Waduba, ya ɗora hoton ɗan wasan barkwancin nan na Amurka, Kevin Hart, wanda ya zana da fensir, a Twitter, ya roƙi jama'a su yi ta yaɗawa har ya isa ga mai shi. Ya kuwa isa, mutumin ya ce zai saya. Duk mai riƙe da fensir a Arewa ya yi murna da labarin, sai dai ya bar mana wata ɗabi'a. Kowa ya koma zana fitattun mutane, daga 'yan ƙwallo zuwa jaruman Kannywood da gwamnoni, a ƙasa a rubuta "ku taya ni turawa har ya gani". Wanda ya yi sa'a a kira shi, a yi musabaha, a ɗauki hoto, a ba shi ambulan. Saura kuwa sai tarin "Masha Allah" da "Allah ya ƙara basira", ga kuɗin data ya tafi.

Ni sana'ata zanen fuska da gawayi da fensir, sai zayyana a kan kwali da allo. Babban abin da kasuwar intanet ta koya mini shi ne mai yabo da mai saye ba kasafai suke zama mutum ɗaya ba. Mai saye ba ya yawan sharhi. Sai ya daɗe yana kallon abin da kake ɗorawa a sitatus na WhatsApp bai ce uffan ba, ranar da buƙata ta taso sai ka ga saƙo: ma'aikatan wani ofis za su yi wa ogansu kyautar ritaya, ƙawayen amarya sun haɗa kuɗi, wani ya tare a sabon gida yana son Ayatul Kursiyyu a falo. Instagram da TikTok suna kawo baƙin ido, amma ciniki a WhatsApp yake faɗawa, kuma galibi wanda ya taɓa saye ne ya ba da lambarka.

Wata Hajiya ta taɓa turo mini hoton mijinta marigayi, ɗan ƙaramin hoton fasfo da aka ɓamɓaro daga tsohon katin aiki, rabin kunnen hatimi ya rufe. Na ce, "Hajiya, babu wani wanda ya fi wannan fitowa?" Ta ce, "Malam, shi kaɗai ya rage." Sai da na nemi hotunan 'ya'yansa maza na duba yadda kunnuwansu suke, na riƙa tura mata aikin mataki-mataki tana gyara mini: goshin ya fi haka faɗi, hular ba ya kafa ta a tsakiya. Ban ɗora wannan zane a ko'ina ba, don ba ta so, amma ta dalilinsa na samu aiki daga danginta fiye da duk abin da hoton wani shahararre ya taɓa kawo mini.

Maganar farashi ce ke ba 'yan'uwana kunya. A tambayi mutum nawa, ya ce a biyo shi ta saƙon sirri. Mai kuɗin kirki ba ya son wannan, gani yake za a duba motarsa kafin a yanka masa. Ni ina rubuta farashi a fili bisa girman takarda da yawan fuskoki, in bayyana ko da firam ko babu, da wanda zai biya kuɗin mota. Rabi kafin alƙalami, rabi kafin kaya su bar hannuna, kuma ba na amsar hoton rasit sai na ga kuɗin a asusuna. Tun da darajar naira ta zube a 2023 nake sa wa'adi a kan kowane farashi, domin takarda mai kyau da fensir da feshin da ke riƙe gawayi duk daga waje suke zuwa.

Ɗaukar hoton aikin ma sana'a ce. Fensir yana ƙyalli, gilashi yana nuna mai ɗauka da wayarsa, saboda haka kafin a sa firam ake ɗauka, da safe, a inuwa. Yanzu kuma da na'ura ke ƙirƙiro hoto cikin daƙiƙa, mutane sun daina yarda da aikin da aka gama. Bidiyon hannu yana aiki suke so, su ga yatsa ya yi baƙi, su ji ƙarar alƙalamin kara a kan allo.

Duk mai zana fuska a nan zai haɗu da masu yi masa nasiha kan zanen abu mai rai. Wasu da ladabi, wasu da zafi. Ban ga amfanin yin muƙabala a ƙarƙashin hoto ba. Wannan magana ce ta zama da malamai. Abin lura dai, zayyana da Dagin Arewa da zanen ƙofofin gari da hawan sallah suna shiga gidajen da hoton fuska ba zai taɓa shiga ba, kuma 'yan Arewa mazauna waje sun fi neman irinsu.

Shafin da kake taƙama da shi gidan haya ne. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Wanda duk abokan cinikinsa ke can ya ji jiki. Shi ya sa lambar duk wanda ya taɓa saye take cikin littafi, da abin da ya saya, da lokacin, ga hotunan ayyuka a ajiye wuri biyu.

A shekarar 2021 ɗin ce kuma guguwar NFT, wato shaidar mallakar zane da ake saye da sayarwa a intanet, ta taso, bayan an sayar da aikin wani Ba'amurke mai zane da kwamfuta, Beeple, dala miliyan 69 a gidan gwanjon Christie's. Ɗan Najeriya Osinachi, mai zane da manhajar rubutu ta Microsoft Word, shi ma ya kai can. Guguwar ta lafa, 'yan damfararta ba su lafa ba. Har yau saƙo kan shigo da Turanci mai santsi: an ga aikinka, za a sayi guda uku da dubban daloli, sai dai ka fara biyan kuɗin rajista a wani shafi. Duk cinikin da mai sayarwa ne zai fara biya, a bar shi.

Gidajen baje kolin zane duniya ce ta daban. ART X Lagos, kasuwar baje kolin zane da Tokini Peterside ta kafa a 2016, da manyan gidajen Legas da Abuja ba yawan mabiya ne ke gabansu ba. Jerin ayyuka suke nema masu magana ɗaya, da bayanin mai zanen a rubuce, da girma da shekara da kayan da aka yi kowanne da su. Gwanin kwaikwayon hoto ba ya burge su yadda yake burge mu. 'Yan ƙungiyar zane ta Zariya ta 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun yi suna ne da suka haɗa abin da aka koya musu da zanen gargajiyar garuruwansu. Don haka na raba shafina biyu: ɗaya na aikin oda mai ciyar da gida, ɗaya na zanen bangon tsofaffin gidajen birnin Zazzau da nake bi ina kwafa kafin a shafe su da siminti. Na biyun mabiyansa kaɗan ne, kuma shi nake turawa idan an buɗe neman masu baje koli.