Fim ɗin ƴan ƙwallon da aka ci 31

Jiya da dare a fadarmu ta Birni, shayi na kan wuta, wani ƙanena ya kunna mana fim a kan ƙungiyar ƙwallon Samowa ta Amurka, waɗanda Ostareliya ta zura wa 31 da nema a 2001. Ni dai na zauna ne da niyyar kushewa, don na ji masu sharhin fina-finai da yawa sun ce labarin tsohon yayi ne, kana ganin farkonsa ka san ƙarshensa.

Kuma ba su yi ƙarya ba. Barkwancin wani wurin bai sauka ba, mai horaswar ma an cika masa surutu.

Amma da aka zo wasansu da Tonga na 2011, wanda suka ci 2 da 1, nasararsu ta farko da FIFA ta amince da ita, wallahi fada ta kaure da ihu kamar a filin wasa muke. Mai dafa shayin ya bar butar ta tafasa har ta zube. Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya, ya ce: "Samari, Mena ce ta ci?"

Tambayarsa ta tuna mini 2010, ranar da Moussa Maazou na Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ya ci Masar a Yamai, muka bi hanya har CAN 2012, gasar kofin Afirka, karonmu na farko. Mai sharhin da ya saba ganin ƙasarsa tana cin kofi, ina zai ji abin da muka ji jiya? Mun sake maido wurin ƙwallon a fim ɗin har sau 3.