Tauraronka ya fara abin da bai saba ba: me za ka iya yi?

Mawaƙi ko ɗan wasan da aka sani da natsuwa ya fito kai tsaye a TikTok da ƙarfe uku na dare, ido jajir, yana zuba ba ƙaƙƙautawa. Ya zagi wancan, ya fashe da kuka, ya ce gobe zai raba motoci. Kafin a zuba shayi na biyu a fadojin Yamai an gama yanke hukunci. Wasu su ce ƙwaya ce, wasu su ce jifa aka yi masa, masu tausayi kuma su cika shafinsa da "don Allah a kai shi Pavillon E", wato sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin Yamai. Da masu tausayin nan muke magana, domin damuwarsu ta gaskiya ce, sai dai hanyar da suka bi ba ta ɓullewa.

Bidiyon minti biyu ba ya nuna ciwo. Tun 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta hana ƴaƴanta faɗin ciwon da ke damun wani sananne matuƙar ba su duba shi ba, bai kuma ba su izini ba. In ƙwararre bai isa ba, ina ga mai kallo a salula. Abin da likita ke nema shi ne daɗewa da kuma yadda abin ya taɓa rayuwa. Ciwon damuwa sai ya kai aƙalla mako 2, kusan kullum: baƙin ciki, komai ya fita daga rai, barci da cin abinci su rikice, mutum ya riƙa ganin ba shi da amfani. Akwai kuma kishiyarsa, inda mutum zai yi mako guda yana barcin awa 2 ko 3 ba gajiya, ga yawan magana, ga ɓarnar kuɗi, ga jin ya fi kowa. Tramol da wiwi na iya kawo irin wannan, haka zazzaɓin sauro da ya hau kai, da farfaɗiya, da matsalar maƙoƙo. Kar a manta da masu shirya rikici da gangan don a kalle su, su ma suna nan birjik.

Tauraro da sunansa yake ci. Ranar da aka liƙa masa "ya zare", masu biki za su daina kira, kamfanin da yake yi wa talla ya ja baya, surukai su fara ƙus-ƙus. Shi ya sa yake ɓoyewa, manaja da yaran da ke ci a ƙarƙashinsa su taya shi ɓoyewa. Mutum dubu su rubuta masa "je ka ga likita" a bainar jama'a, abin da zai ji kawai shi ne an kira shi mahaukaci sau dubu. Duk wanda ya sake yaɗa bidiyon kuma, ko da addu'a ya rubuta a sama, ya ƙara masa masu kallo ne.

To sai me? Kada ka tura bidiyon. In kana da hanyar isa ga wanda yake jin maganarsa, mahaifiya, yaya, amini ko malaminsa, ka aika saƙo a keɓe, ka faɗi abin da ka gani ba tare da laƙaba wa ciwo suna ba: "Yaya, barka da yini. Dare uku ke nan yana fitowa har asuba, jiya kuma ya ce ya gaji da duniya. Na ga ya kamata ku sani." Iyakar aikin masoyi ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Sauran na makusanci ne. Ya same shi su biyu, ba a taron dangi ba, ya fara da barci da ciwon kai, don sun fi sauƙin amsawa. In ya ambaci mutuwa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, ba a barinsa shi kaɗai, a kwashe maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga gidan, a tafi asibiti a ranar.

A Yamai, sashen ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa shi ne Pavillon E, kuma ba kowa ake kwantarwa ba, da yawa ganin likita suke yi su koma gida. A Tawa ana iya farawa daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko gari, majo ya tura mutum asibitin jiha. A je da wanda ya ga farkon abin, a kuma kwaso kwalin duk abin da yake sha, har na bakin titi. Ɓoye tramol babban haɗari ne, domin haɗuwarsa da wasu magungunan damuwa na iya jawo jijjiga.

Maganin zama da tattaunawa ba hira ba ce, ba kuma wa'azi ba. Yawanci zama ɗaya ne a mako, kusan awa guda, na tsawon wata 2 zuwa 4. Ana bin tunanin da ke kayar da mutum ɗaya bayan ɗaya, a tsara lokacin barci, a ba shi aikin da zai yi kafin zama na gaba. Ga tauraro, aikin kan haɗa da ajiye salula da dare da miƙa wa wani amintacce shafinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani gajeren tsari, PM+, zama 5 na minti 90, wanda ko ba likita ba zai iya bayarwa in an horar da shi.

Wajen maganin sha aka fi yin tuntuɓe. Magungunan damuwa irin su fluoxetine ko amitriptyline ba sa aiki a kwana uku, sai mako 2 zuwa 4, wani lokaci 6. Abin da ke fara zuwa shi ne bushewar baki, jiri, tashin zuciya ko yawan barci, sai mutum ya ce bai karɓe shi ba, ya watsar. Wani kuma da ya ji sauƙi ya ga wasa ya taso sai ya daina, alhali ana son a ci gaba wata 9 zuwa 12 bayan samun sauƙi, a kuma sauka a hankali. Mai ciwon da ke hawa da sauka, wato wani lokaci damuwa wani lokaci kishiyarta, in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, yana iya tunzura shi, don haka dole a gaya wa likita in ya taɓa yin makon rashin barcin nan. Diazepam na ƴan tebur kuwa barci kawai yake sawa, ya bar mutum da sabo.

Ruƙiyya da addu'a ba sa faɗa da asibiti, a haɗa su. Inda muke ja shi ne a ce a ajiye magani, ko a ɗaure mutum da mari, ko a yi ta dukansa wai aljani ake duka.

In aka fara magani, tauraron zai iya yin shiru na watanni, kuma likita ba zai gaya wa kowa komai ba, sirrin mara lafiya ne. A lokacin ne masoya ke fara "ina kake, mun yi kewarka, yaushe sabuwar waƙa", wanda ke tura shi komawa tafiye-tafiyen dare tun barcinsa bai daidaita ba. Rashin barci kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon.