Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekarar da Baba Ya Buɗe Rumbu

A makon jiya na tsaya a kan komawarmu ƙauye daga Malumfashi, amma ba zan shiga zancen makaranta ba sai na faɗi abin da ya faru a shekarar fari, wato 1973, domin har yau duk lokacin da aka karanta Yohanna sura 12 a majami'a, rumbun Baba ne yake tsaya mini a ido.

Ruwa ya ɗauke da wuri a wannan damina, gero bai cika ido ba, dawa kuwa ta bushe a tsaye. Mu dai muna da sauran dami na bara, wanda da an yi tattali zai kai mu kaka. Sai mutane suka fara gangarowa daga arewa, wasu daga Nijar, dabbobinsu sun ƙare a hanya, mata na goye da yaran da ko kuka ba sa iyawa. Wata safiya Baba ya kafa tsani, ya ɗaga murfin rumbu, ya riƙa miƙo mini dami ina saukewa. Da ya kai ga zangarniyar da Inna ta ware domin iri, na ga ta juya baya tana share ido da bakin zanenta.

Baffa ya shigo yana faɗa, ya ce karatun Bature ya cinye wa ƙaninsa hankali. Baba bai sauko ba, daga kan tsanin ya ce, "Yaya, darajar hatsi a cikin ƙasa take, wanda ya kwana a rumbu gara ce ke cinsa." 'Ya'yan Baffa, waɗanda yanzu suke ba da labarin kamar da mahaifinsu aka yi rabon, su tuna cewa a daren nan ya ƙara wa nasa rumbun yaɓe.

Na daɗe ina riƙe da Baba a zuciya, kuma ina nadamar hakan. Saboda wannan rabo aka sayar da kekensa na fita bishara, ya koma taka ƙasa zuwa ƙauyuka uku kowace Lahadi, ni kuma na yi shekara guda a gida babu kuɗin makaranta. Sai bayan rasuwarsa, wata Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, ina zaune da tsohon Littafinsa Mai Tsarki, na lura da wuraren da ya ja wa layi. A sura 12, da Helenawa suka nemi ganin Yesu, ya ce lokacin ɗaukaka Ɗan Mutum, wato shi kansa, ya yi, nan take ya kawo misalin ƙwayar alkama da sai ta faɗi ƙasa ta mutu kafin ta haifi da yawa. A sura 13 kuma, Yahuza na fita cikin dare domin ya bashe shi, Yesu ya ce yanzu ne aka ɗaukaka Ɗan Mutum. Ashe a kan gicciyen nan kansa ɗaukakar Allah ta bayyana, tun kafin safiyar tashin matattu.

Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji ana wa'azi cewa ka bayar yau a ninka maka gobe. Ba a ninka wa Baba komai ba. Rumbun bai sake cika kamar dā ba, bai sake mallakar keke ba, kuma da kaushi a dugadugansa aka binne shi. Darajar hatsi a cikin ƙasa take, haka ya ce, bai kuwa taɓa cewa shi ne zai girbe ba.

Irin da muka shuka a daminar 1974 Goggo ce ta aiko mana, mudu huɗu a ƙulle cikin tsumma, ba tare da sanin Baffa ba. Yadda na koma makaranta kuma, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda.