Daji Ba Ya Yin Sahu

Aikina na farko a lambun furanni a Garwa, arewacin Kamaru, shi ne ƙawata zauren baƙi na wani otal. Na kwaso tukwane 12 masu girma ɗaya, na jera su jikin bango, tazara daidai wa daida. Baba, dattijon da nake koyo a hannunsa, ya shigo ya yi shiru, can ya ce: "Yaro, ka taɓa ganin daji ya yi sahu?"

Washegari ya sa na goya shi a babur zuwa duwatsun Tinguelin da ke kusa da garin. Bai yi mini wani dogon bayani ba, nuni kawai yake da sanda. A tsagin dutse za ka ga tsiro ɗaya ya yi tsawo ya karkata wajen rana, ƙanana sun taru a gindinsa suna shan inuwa, gefe kuma fili ne fetal sai tsakuwa. Wannan filin shi ya fi ba ni wahalar koyo, domin hannuna ƙaiƙayi yake in na ga wuri ba komai.

Yanzu uku-uku ko biyar-biyar nake haɗawa, babu biyu masu tsawo ɗaya. Amma ido kaɗai ba ya isa. Tsiron da za su zauna a kasko ɗaya dole ƙishirwarsu ta zo ɗaya. Moɗa, tsiron nan mai dogayen ganye masu kauri, tana jure ɗaki mai ƙarancin haske, ta yi makonni ba ruwa. Haɗa ta da mai son laima, saiwarta ta ruɓe. Kariya kuwa, duk kyan furenta, 'yar rana ce. Na taɓa sa ta a lungun wani ofis, ganye ya zube ta bar ni da kunya. Ga ruwan jikinta da guba, ba a ajiye ta inda yara ke wasa.

Tukunyar ƙasa na fi so a kan ta roba, tana numfashi, muddin an huda gindinta. Yashin kogin Binuwai nake gaurayawa da ruɓaɓɓen taki da ɗan garin gawayi, in rufe sama da tsakuwa.

In hunturu ya shigo, ƙura takan toshe ganye, sai an bi da jiƙaƙƙen tsumma. Baba har yau shi yake goge na otal ɗin da kansa, wai ni gaggawa ta yi mini yawa.