Nonno da nono

Yau a ajin koyon Italiyanci da nake zuwa da yamma a nan Bolonya, malamarmu ta ce kowa ya yi magana a kan wani daga danginsa. Na zaɓi kakana, na buɗe baki na ce "mio nono". Sai ta ɗaga yatsa ta tsayar da ni: nono na nufin "na tara", kaka namiji kuwa nonno ne. Na maimaita har sau uku ban dace ba, domin da idon Turanci nake kallon kalmar, inda ake rubuta harafi biyu a furta ɗaya. Ta nuna bayan haƙoranta na sama, ta ce in bar harshena ya ɗan zauna a wurin kafin in sake shi. Non-no. Wallahi nan take baba da babba suka faɗo mini a rai. Ashe abin da bakina ya saba da shi ne tun ina koyon magana! Na faɗa sau ɗaya, ta tafa hannu.

A cikin bas ina ta gwadawa ƙasa-ƙasa: sete ƙishirwa, sette bakwai, sai cena, abincin dare, wadda c ɗinta irin tamu ce ta "ci". Wata huɗu ina bi ta Turanci, alhali Hausata ta fi kusa. Na yi kewar kakan nawa a daren nan, Allah ya jiƙansa. Shi yake gyara mini magana ina yaro.