Godiya a madadin iyalanmu bisa rasuwar Yayarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. An tashi daga zaman makoki, baƙi sun fara komawa, shi ne na ce bari in zauna in yi godiya a madadin Umma da mijin marigayiya da yaranta. Waɗanda suka tako har gida, da waɗanda suka bugo waya, da waɗanda suka turo saƙo ban samu na amsa ba saboda wayar ma a lokacin ba na iya kallonta, Allah ya ba da lada, Allah ya bar zumunci.

Amma akwai wasu mutane da godiyarsu daban ce, su ne waɗanda suka jure halin Yaya a watanninta na ƙarshe. Duk wanda ya san ta ya san mace ce mai kawaici, ko yaro ba ta iya ɗaga wa murya, sai ga shi ta koma faɗa, ta manta sunan mutum yana gabanta, wata rana ta kori maƙwabciyar da kullum ke kawo mata kunu, kuma washegari baiwar Allahn nan ta sake dawowa da kununta. Wallahi ba zan manta ba.

Mutane da yawa sun tambaye ni, ba sankarar mama ce da ita ba, ba an cire an yi mata kemo, wato allurar kashe ƙwayoyin cutar, ta samu sauƙi ba, me ya haɗa ta da ciwon ƙwaƙwalwa? Wasu cikin tausayi suka ce a duba ko jifa ne ko iska. Ga abin da likitanta ya zaunar da mu ya yi mana bayani bayan an ɗauki hoton MRI. Ƙwayoyin cutar kan ɓalle daga mama su bi jini, yawancinsu su mutu a hanya, amma wasu sai su maƙale a ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa wani shinge a jijiyoyin nan mai tace abin da zai shiga, to idan cutar ta samu ta kutsa, shingen nan da ya kamata ya tare ta shi ne kuma zai riƙa tare magunguna da yawa, shi ya sa allurar da ta yi mata aiki a sauran jiki ba ta kai can sosai ba. Ya ce irin nata da ake kira HER2 yana cikin waɗanda suka fi yawan haurawa kai, kuma ko da ta je can sunanta sankarar mama, ba wata sabuwar cuta ba ce.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro da ke cikin ƙwaƙwalwa, aikinsu ciyar da ƙwayoyin jijiya da kare su. Da farko suna yaƙar cutar, daga baya sai ta juya su su koma taimakonta har suna kare ta daga magani, kamar ɓarawon da ya saye maigadi. Sai wurin ya kumbura, ƙoƙon kai kuma ba ya buɗewa, sai kumburin ya danne lafiyayyun wurare. Daga nan ciwon kan asuba ya fito, da amai, da farfaɗiyar da ta tayar mana da hankali, da hannun dama da ya saki. Ɗaya daga cikin ƙarin a gaban ƙwaƙwalwa ya zauna, wurin da ke riƙe da hali da kamun kai. To don Allah duk wanda ta gaya wa magana mara daɗi ya yafe mata, ba ita ba ce.

Likitoci da nas-nas na ɗakin mata, musamman masu aikin dare, Allah ya saka muku da alheri. Maganin rage kumburi da gashin ƙarin da aka yi mata da na'ura a Zariya sun dawo mana da ita na ɗan lokaci, ta gane yaranta, ta yi sallah da hankalinta, ta yi mana wasiyya da bakinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Abokan aikinta malamai da suka yi karo-karo, 'yan ajinsu na islamiyya, samarin unguwa da suka ba da jini, direban da ya riƙa kai mu ya ƙi karɓar ko sisi, mun gode mun gode.

Mata 'yan uwana da kuka taɓa yin wannan ciwon, idan ciwon kai ya ƙi tafiya ko gani ya canza ko wani ɓangaren jiki ya yi nauyi, a yi addu'a amma a koma wurin likita da wuri a gaya masa tarihin cutar.

Sannan duk wanda yake bin Yaya bashi, ko ta ajiye masa wani abu, ko adashi ne ya rage tsakaninku, don Allah ya same ni ko mijinta kafin a raba gado. Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya raya abin da ta bari.